Hotunan Da Ba Su Da Kai

Duk wanda ya ci kasuwar Bebeji kafin a ba mu mulkin kai ya san Ɗahiru Mai Hoto, in bai san shi a ido ba to ya ji muryarsa. Gajere ne kakkaura, zuciyarsa a kusa, bakinsa ba linzami. A Sabon Garin Kano ya koyi sana'ar, shekara bakwai a hannun wani Bayarabe, ya dawo gida da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake cusa kai a ciki. Ran kasuwa a gindin tsamiya yake kafawa, sauran ranaku kuwa ya ɗaure kaya a keke, yau Kiru, gobe Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa. In ka zauna a bencinsa sai ka rantse gaban alƙali aka kai ka, don ko ƙuda ne ya sauka a hancinka ba ka isa ka kore shi ba sai ya ba da izini. Amma fa aikinsa tsaf, har gashin girarka sai ka ƙirga. Shi ya sa mutane ke shanye masifarsa su sake dawowa.

A kakar 1956 aka shirya nunin amfanin gona a Tudun Wada. Lokacin ƙananan akwatunan hoto sun fara shiga hannun malaman En'e, irin waɗanda ake riƙewa a ƙirji a leƙa wani ɗan gilashi ta sama. Sai Malam Surajo, babban malamin gona, ya ce a haɗa da gasar hoto, Ɗahiru ya yi alƙalanci. Da yake ya san hali, sai ya ja shi gefe ya yi masa kashedi. Ya ce ba zaɓen gwani kaɗai ake so ba, a gaya wa kowa inda zai gyara, kuma a fara da abin yabo kafin a zo kan aibi. Ɗahiru ya tambaya, in babu abin yabon fa? Surajo ya ce ya nemo, ko a ina yake.

Hotuna ashirin da uku aka maƙala a jikin zana da ƙaya. Kai, ranar Ɗahiru ya ga ta kansa. Wani malamin tsafta ya ɗauki tarin gyaɗa, inuwarsa ta kwanta a kai tun daga ƙafa har hula. Wani ya ɗauki bijimin sa, ƙafa uku a ciki, ta huɗun tana can wajen takarda. Malamin makarantar Kiru kuwa rana ya fuskanta, ɗalibansa suka fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Ɗahiru ya cije, ya haɗiye, ya gaya wa na farko cewa gyaɗar ta fito, ya ce wa na biyu ƙahon ya yi kyau, na uku kuma ya rasa abin faɗi sai ya yaba masa sararin samaniya. Sa'annan ya gaya wa kowa inda zai tsaya da inda zai bar rana. Gumi har ya jiƙa masa wuyan riga, don shi yabon ƙarya ya fi ɗaukar buhu nauyi.

A ƙarshen zana ne haƙurinsa ya ƙare. Hotuna shida ne jere, na mutum ɗaya, wani dattijo zaune a kan buzu, carbi a hannu, allo jingine a gefensa. Haske daidai, ba rawar hannu ko kaɗan, aikin wuyan riga ya fito zare-zare. Amma daga wuyan rigar nan zuwa sama, babu komai. Duk shidan ba kai. A guda ɗaya ne kawai tsinin gemu ya leƙo, shi ma ya karkata gefe. Abin da ya fi ƙona wa Ɗahiru rai shi ne, a duk filin nan babu mai hannu irin na wannan mutum, ga shi ya yi asarar fim a banza.

Ya juyo ga taro ya ɗaga murya. "Wai wane hauni ne ya fille wa bawan Allah nan kai har sau shida?"

Fili ya ɗauka da dariya, har da masu tallar rake. Wani dogon siriri mai kaki ya ratso mutane, ya durƙusa, ya ce shi ne, sunansa Labaran, malamin daji ne a Falgore. Bai kare kansa ba. Ya zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba hotunansa a aljihu, ya yi sallama ya tafi. Malam Surajo ya dubi Ɗahiru, ya girgiza kai, ya wuce wajen masu doya.

Da Ɗahiru ya koma Bebeji ya ba matarsa Baturiya labari, yana jiran ta taya shi dariya. Ita kuwa 'yar Ba'awa ce, da ta ji sunan sai ta ajiye faifan da ke hannunta. Ta ce ai dattijon Malam Mudi ne na garinsu, mahaifin Labaran, kuma Labaran ɗan fari ne. Shekara talatin da huɗu ke nan uban bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan". A ɗakin kakarsa ya girma. In sun haɗu a zaure, ɗa ya sunkuya, uba ya kau da kai, a gaisa da ƙasa da bango. To ta yaya zai ɗaga akwati ya auna fuskar mahaifinsa? Ta ƙara da cewa Malam Mudi zai tafi gabas ran Alhamis mai zuwa, ta tsohuwar hanya, da jaki da sanda, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ba zai dawo ba, a Makka yake fatan ƙasa ta rufe masa ido. Da ƙyar da roƙon uwar gidansa Laraba ya yarda a ɗauke shi, don gida ya sami abin tunawa.

"Kai da kake ƙirga gashin gira," in ji Baturiya, "wannan ɗaya ta wuce ka, Malam."

Ɗahiru ya hau faɗa. Ya ce kunya daban, sana'a daban, akwati bai san ɗan fari ba, kuma shi ba duba yake yi ba da zai san asalin kowa. Baturiya ta bar shi ya yi ta yi, ta ce magana dai zarar bunu ce. Tuwon ranar bai wuce masa ba. Ba kunyar da ya ba mutum a bainar jama'a ce kaɗai ke cin sa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, nan da kwana shida dattijo zai bi hanya, abin da zai rage wa gidansa kuma riga ce da carbi da yatsun ƙafa.

Ran Laraba ya sa sabon fim a aljihu ya taka keke zuwa Ba'awa. Ya tarar da Labaran a ƙofar gida yana gyara mangalar jaki. Ɗahiru bai iya ba da haƙuri ba, tun da aka haife shi bai koya ba. Sai ya tsuguna kusa da shi ya ce, a cikin duk masu gasar nan shi kaɗai ne hannunsa ba ya rawa, shi kaɗai ya san inda ake barin rana, abu ɗaya ne ya rage, ya ɗaga bakin akwatin kamar faɗin yatsu biyu. Wannan karon yabon gaskiya ne, ya kuwa fito masa da sauƙi har ya yi mamakin kansa.

Labaran ya yi godiya, ya ce ya sani sarai, ba rashin sani ba ne. Duk lokacin da fuskar Malam ta bayyana a ɗan gilashin nan, hannunsa da kansa yake yin ƙasa. Ɗahiru ya ce ai wannan akwatin kamar don ɗan fari aka ƙera shi, tun da mai ɗauka kansa a sunkuye yake, gilashi yake kallo ba mutum ba. Labaran ya ce ko a gilashi, idon Malam idon Malam ne. Ɗahiru ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Ya yi bayani, ya zana a ƙasa da tsinke, ya sa shi ya gwada a kan jaki, kan jaki ya shigo daidai har da kunnuwa. Aka zo maganar uba, sai mutum ya sake sunkuyar da kai.

Ɗahiru ya nemi iso wajen dattijon, ya gaishe shi a durƙushe, ya roƙi a bar shi shi ya ɗauka, minti ɗaya ya isa. Malam Mudi ya ce a'a. Shi tun asali bai natsu da sha'anin hoto ba, ya yarda ne don mutanen gida, ba don baƙo ba, kuma ya zauna sau shida, ya isa. Sai da Laraba ta sa baki daga bayan zana, sa'annan ya ce to sau ɗaya, kuma wancan ne zai danna, ba wani ba.

Sau ɗaya! Ɗahiru ya haɗiye abin da ya zo masa baki, ya sa aka kawo turmi. Ya kife shi a tsakar gida, ya ɗora akwatin a kai, ya tokare da tsakuwa, ya leƙa gilashin da kansa har rawanin dattijo ya shigo da ragowar fili a sama. Hasken la'asar ya sauka daidai. Ya gaya wa Labaran a hankali cewa ba sai ya kalli komai ba, ya tsuguna kawai, yatsa a kan maɓalli, in ya ji gyaran murya ya danna. Saura matsalar uban, wanda tun da ɗansa ya tsuguna a gabansa ya mai da fuska wajen rumbu. Ɗahiru ya koma gefen turmi kaɗan ya ce, Allah gafarta Malam, yana da tambaya: mai yawon kasuwanni irinsa, daga Bebeji zuwa Doguwa, ƙasaru ta hau kansa ko kuwa? Malami ba ya ƙin tambaya. Dattijo ya juyo ya dube shi, ya fara bayani, fuska ta fito fes, yadda duk mai hoto yake roƙon Allah ya samu.

Ɗahiru ya yi gyaran murya. Shiru. Ya sake, Labaran na tsugune kamar an dasa shi, ido a rufe. A na uku, har dattijo ya dakata da magana, sa'annan yatsan ya motsa. Daidai lokacin da akwatin ya ce ƙyas, Malam Mudi ya juya kai. Ɗahiru ya gani da idonsa, ya san abin da juyin nan zai yi wa fim. Ya roƙi a sake, ya haɗa da Allah da Annabi. Dattijo ya miƙe, ya kakkaɓe buzunsa, ya ce alkawari ɗaya aka yi, ya ƙarasa masa amsar ƙasaru a tsaye ya shige ɗaki.

Da safiyar Alhamis ayari ya tashi. Malam Mudi bai dawo ba, kamar yadda ya faɗa, amma wannan daga baya aka tabbatar.

Ɗahiru ya toshe tagar ɗakinsa da bargo ya wanke fim. Kai ya fito, rawani ya fito, riga da carbi tsaf. Fuskar ce ta ɗan shafe, kamar an goga mata yatsa tun tana ɗanya. Za ka gane mai ita, za ka ga idanun, amma ba yadda Ɗahiru yake fitar da ido ba. Ya buga sau uku, ya canja takarda, ya canja ruwan magani, abin bai gyaru ba. A duk shekarunsa na sana'a bai taɓa miƙa wa kowa irin wannan ba, yagawa yake yi. Kwana biyu Baturiya ba ta sami kansa ba, ko kaza ta gitta sai ta sha zagi.

Ran kasuwar Bebeji Labaran ya biyo motar itace daga Falgore, ya same shi a gindin tsamiya. Suka gaisa. Ɗahiru ya zaro hoton daga cikin littafi ya miƙa masa, yana kallon wani wajen. Labaran ya karɓa da hannu biyu, ya duba rigar, ya duba carbin, da ƙyar ya kai idonsa sama. Ya daɗe a haka.

"Malam, me na ɓata wannan karon?"

"Ba kai ba ne," in ji Ɗahiru. "Tsoho ne ya motsa."

Labaran ya ce ai Malam ba ya motsi in ya zauna, ko karatu yake yi sai ka ce dutse.

"Ni na tsayar da shi yana kallona. Da ka kai hannu, sai ya juyo ya dube ka. Shi ne ya shafe fuskar."

Labaran ya ce shi bai gani ba, idonsa a rufe yake. Ya sake faɗa, a hankali, cewa idonsa a rufe yake. Sai ya zauna a ƙasa nan gindin tsamiya, da kakinsa da komai, ya kusanto da takardar daf da fuskarsa. Akwai wani mai jiran hoto a kan benci tun ɗazu, ya soma ƙorafi rana na yi. Ɗahiru ya ce masa ya jira.