Humrar da Ta Rage a Esin Mota

Shekaru na yi ina faɗa da matata a kan turare a mota. Ita ce mai tsoma auduga a humra ta cusa a ramin da iskar esi ke fitowa, ni ne mai zarowa in jefar ta taga ina mita, in ce yana sa ni ciwon kai. Sai ta ce, "Alhaji, ciwon kan naka ya girmi humrata." Kafin mu fita daga layinmu na Nassarawa ta cusa wata, don jakarta ba ta rabo da auduga. Sannan ta danna maɓallin da ke hana iskar waje shigowa, wai ba za ta sayi turare ta raba wa masu adaidaita sahu ba.

Bayan rasuwarta gidan bai daɗe yana riƙe da ita ba. Aka raba tufafi, aka wanke labule, 'ya'ya suka sa aka yi wa ɗakinta fenti don kada in riƙa tunani. Ban hana ba, me zan ce? Ranar da na fara fita bayan an watse daga zaman makoki, na tayar da mota, na murɗa esi, sai ga ƙanshinta ya buso mini a fuska. Humrar nan ce, haɗe da turaren wutan mayafinta. Na kasa sa giya. Na yi kuka irin wanda ban yi a maƙabarta ba.

Daga nan na zama abin tausayin maigadina. Kullum bayan la'asar in shiga mota a gindin darbejiya, in ɗaga gilashi, in danna maɓallin nata, in zauna ba inda za ni.

Da bazara ta kama, sanyin esin ya fara ja da baya. Na kai motar Kawaji wurin mai gyaran esi, wani dattijo da ya san ta tun tana sabuwa. Na ce a ƙara gas, kamar yadda kowa ke cewa, alhali na san gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa. Zagaye kawai yake yi. Kwamfureso ya matse shi ya yi zafi, ya bi ta ragar da ke gaban mota iska ta huce shi ya koma ruwa, sannan ya fesu ta wata 'yar ƙofa cikin wani kwayil da ke ɓoye a bayan dashbod, ya yi sanyi ƙarara. Fanka ta hura iskar cikin mota ta kan kwayil ɗin ta dawo maka da ita. In gas ya ragu, to wani wuri ya huje.

Dattijon ya gama dubawa ya ce, "Alhaji, hudar a kwayil take. Sai an sauke dashbod an canza shi." Ya kai hanci ramin iskar ya shaƙa. "Wannan ƙanshin ma a jikinsa yake kwance, shi da matatar iska. Kwayil gumi yake yi, komai manne masa yake. In na sa sabo motar za ta koma fes."

Na ce, "Malam, ƙara gas kawai."

Ya ce man da ke shafe kwamfureso tare da gas yake yawo, in ana barin sa yana zuba wata rana kwamfureson zai ci kansa. Na ce ya ci. Haka na riƙa komawa, yana ƙarawa yana girgiza kai. Ya ɗauka rowa ce, na bar shi a haka, don rowa ta fi sauƙin bayani.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Babbar 'yata ta zo jinya daga Gawuna, ta ari motar ta je sayo magani, ta dawo sharkaf da gumi tana faɗa. Ban kawo komai a raina ba. Da na miƙe, ta kamo hannuna ta kai ni gindin darbejiya tana murmushi, ta buɗe mini ƙofa, ta tayar da motar da kanta.

Sanyi ya buso har cikin ƙashi. Na shaƙa, na sake shaƙa. Warin sabuwar roba ne kawai.

"Abba, ya ka ji? An canza komai a Kawaji, har matatar."

Na dube ta, fuskar mahaifiyarta sak, tana jiran in yi murna. Na ce, "Allah ya yi miki albarka." Da gaske nake, amma da ƙyar maganar ta fito.

Washegari na tafi Kawaji, ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce ina tsohon kwayil. Dattijon ya ce ai 'yan gwangwan sun wuce da shi, alminiyam ne, narka shi za a yi a zuba tukunya. Na tsaya ina kallon tarin ƙarafan da ke gefen rumfarsa kamar zan tono.

Na gwada. Na aika wurin matar da matata ke sayen humra a hannunta aka kawo mini irinta, na tsoma auduga na cusa da hannuna, ni da na sha jefar da tata. Ƙanshi ne mai daɗi, amma na kowa ne. Na zare ta.

Esin yana aiki har yau, ko tari bai taɓa yi ba. Ni dai da gilashi a sauke nake tuƙi.