Madam Khairiya da Muryar da Ba Ta Alhaji Ba

Da gari ya waye za ka gan ta a tashar Sokodé, jakar kwamfuta a kafaɗa, doguwar wayar lantarki naɗe a hannu, tana rigima da direba a kan kujerar gaba. Ba son girma ba ne, gwiwa ce ta hana ta lanƙwasa ƙafa. Yau Adjengré, gobe Sotouboua, jibi ta miƙa arewa har Dapaong. Madam Khairiya ke nan, wadda ta fara da koya wa 'yan mata buga takarda a wani ɗan shago bayan kasuwa, ta ƙare da zaunar da manyan masu gida a kan benci kamar 'yan makaranta. Yanzu likita ya ce ta bar hanya. Tun da na ji labarin nan zama ya gagare ni, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji.

Ni ce ke riƙe da ƙungiyar mata masu man kaɗanya a unguwarmu, don haka na zauna a bencin nan. Lokacin da ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayoyinmu, wannan na'urar da kake tambaya tana ba ka amsa kamar mutum, masu gidan unguwarmu ta Zango sun rabu biyu. Wasu suka ce aikin aljanu ne. Wasu kuma suka fara yi wa ma'aikatansu kallon tsofaffin tayoyi. Madam ba ta gardama da kowa. Sai ta miƙa wa maigida waya ta ce ya tambaye ta abin da ya fi kowa sani. Na ga wani dillalin shanu ya tambayi yadda ake gane saniyar da ta sha doguwar tafiya, na'urar ta zuba masa bayani tsaf, rabi gaskiya rabi shirme, ko gezau. Madam ta ce, "Ka gani? Ba ta jin kunya, kuma da wuya ta ce maka ba ta sani ba." Daga nan ta sa ta rubuta masa wasiƙar Faransanci zuwa ofishin magajin gari, ta fito fes. "Ga kuma inda take da amfani. Amma ka ba sakatariyarka ta karanta kafin ka sa hannu."

Haka take yi shekara da shekaru, ba tambari, ba hoto a jarida. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Issifou.

Wanda ba ɗan nan ba ne sai na yi masa bayani. Mu a Zango da murya muke ciniki. Da yawa cikin masu gidanmu ba sa karanta Faransanci, waɗanda suke karantawa ma ba su da haƙurin rubutu. Sai maigida ya danna waya ya yi vokal, wato saƙon murya, shi ke nan magana ta zauna. Da vokal ake loda mota, da shi ake sauke ta. Muryar maigida ita ce sa hannunsa, kuma yaron da ya ji ta ya tsaya tambaya, rashin kunya ya yi.

Alhaji Sharifuddeen babban mai sayen waken soya ne a Sokodé, yana da magazin, wato ɗakin ajiyar kaya, a Dapaong. Issifou ne mai riƙe da makullin magazin ɗin tun 'ya'yansa suna goye. Wata rana vokal ya shigo masa daga sabuwar lamba mai hoton Alhaji. Murya ta ce wayarsa ta faɗa ruwa, ga direba nan tafe, a loda masa kaya kada a ɓata lokaci. Muryar Alhaji ce, har da ɗan kakin da yake yi kafin ya ce "ka ji ko". Issifou ya buɗe ƙofa, leburori suka cika kamiyon, wato babbar motar kaya, mota ta tashi. Har yau ba a ga ƙeyarta ba.

Alhaji ya yi tsalle ya dire. Ya kira Dapaong, ya sa aka buɗe lasifikar waya a gaban leburori, ya kira Issifou ɓarawo. Da aka kunna masa vokal ɗin sai ya ƙara hawa. Ya ce ba mai iya kwaikwayonsa haka sai wanda ya daɗe a gindinsa, don haka da ɗan gida aka haɗa baki. Aka karɓe makulli. Issifou ya shige gida ya daina fita, har sallar jam'i ya bari, saboda in ya shiga sahu sai ya ga mutane suna taɓa aljihunsu. Matarsa mai sayar da koko ta ga masu saye suna wucewa gaba.

A tashar Dapaong Madam ta ji labari. Ta fasa ajin da ta je yi, ta hau babur ta nemi gidan. Issifou Hausar kasuwa gare shi, in yana magana ba ruwansa da namiji ko mace, maigida kuwa patron yake ce masa. Ya ce mata, "Madam, wallahi patron ne ya yi magana. Kunne na ya ji. In patron ya ce loda, ni wane ne zan ce a'a?" Ta saurari saƙon, ta sake saurara, ta ce masa a zamanin nan murya ba shaida ba ce, ya tashi ya ci abinci. A ranar ta juyo Sokodé da kumburarriyar gwiwa.

Ni ta biya ta ɗauka zuwa ofishin Alhaji, don kada ta shiga ita kaɗai. Ta roƙi yaransa su ba mu wuri, domin ba ta so a ga maigida yana koyon abu a gaban na ƙasa da shi. Bayan gaisuwa ta ce, "Alhaji, ka ba ni aron muryarka na ɗan lokaci." Ya ce, "Ɗauki, in tana ɗaukuwa." Ta ciro ɗaya daga dogayen vokal ɗin da yake zubawa a zauren 'yan kasuwa na WhatsApp, inda yake faɗin komai, har ranar da kaya ke shiga magazin. Ta ba kwamfuta, ta buga wasu kalmomi. Can sai muka ji Alhaji daga cikin kwamfuta yana cewa, "Ni Sharifuddeen, daga yau na bar cin nama, ka ji ko."

Alhaji jikan mahauta ne, bai taɓa wuce mai tsire bai tsaya ba. Ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Sai dariyar ta tsaya cak.

Madam ta goge muryar a gabansa, ta ce, "Wanda ya yi maka wannan ba sai ya taɓa ganinka ba. Yana iya zama a wata ƙasa. Issifou bai yi komai ba sai abin da ka koya masa." Ta ba shi shawara: kada kaya su sake fita a kan vokal. A kira lambar da aka sani, a gaisa gaisuwa cikakkiya, a tambayi gida da mai jiki, domin ɓarawo gaggawa yake yi kuma bai san wa ke kwance ba. Kuma kada maigida ya yi fushi in yaronsa ya kira don ya tabbatar. Alhaji ya amince da duka. Da ta ce saura Issifou, sai ya ɗauki waya ya yi vokal, ya ce abin da ya wuce ya wuce, a koma aiki.

Issifou bai koma ba. Madam ya kira, ina zaune. Ya ce, "Madam, kai ne ya ce murya ba shaida ba ne. To yaya zan san patron ne?"

Alhaji ya ji haushi ƙwarai, ya ce yaro ya samu wuri. Madam ta ce, "Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Kuma a gaban mutane ka kira shi ɓarawo." Ya ce zai duba. Ya yi ta dubawa, ita kuma ta yi ta zuwa. Duk safiya sai ta biya ofishin ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar iyali, ta zauna har sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ni da kaina na ce mata ta haƙura haka, ta harare ni.

Ke ce wannan, Madam Khairiya, mai naci, uwar masu gida. Ke ce kika gane cewa koya wa maigida danna na'ura ba shi ne aikin ba, aikin shi ne kada ya huce jahilcinsa a kan wanda ke ƙasa da shi. Yanzu za ki zauna, alhali na'urorin nan kullum ƙara wayo suke, kuma ɓarayin soya suna nan suna sauraron vokal ɗin wani. Ku da kuka zauna a bencinta, daga Langabou har Dapaong, me kuke jira? Kowa ya kama maigida ɗaya ya zaunar da shi, kafin a sake kiran wani bawan Allah ɓarawo. Mun gode, Madam. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Tafiyarta ta ƙarshe zuwa Dapaong a motar Alhaji ta yi ta, ranar wata Juma'a, ina kujerar baya. Alhaji ya tsaya a ƙofar magazin, ya sa aka tara leburori da maƙwabta, aka kira Issifou. Ya ce, "Ku dube ni da kyau, ni ne, ba waya ba. Issifou ba ɓarawo ba ne. Ni na zalunce shi." Ya miƙa masa makulli da hannu biyu. Issifou ya karɓa. Sannan ya juyo wajen Madam, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Madam, a ba ni ruwa in yi alwala. Yau zan shiga sahu."