Rabon Sarkin Ruwa a Bakin Kogin Allier

A Madarunfa aka haifi Nouhou, cikin gidan masunta. Tun yana ƙarami ya san ƙa'idar tafki: ba a shiga ruwa sai an gaida sarkin ruwa, kuma kifin farko nasa ne. Ya sauka Paris a 2003, ya yi shekaru yana kwana a gidan baƙin ma'aikata na Montreuil, yana wanke kwanuka a gidan abinci. Daga baya Alhaji Illiassou, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, ya kira shi Lyon ya riƙe masa kantin kifi a unguwar Guillotière. Can ya auri Zouera. Yini guda yana yankan daskararren kifi, amma rabonsa da ya ga mai rai tun gida.

A 2014 wani mai kawo musu kaya ya shigar da shi ƙungiyar masu fatsa ta wani ƙauye a bakin kogin Allier, tafiyar rabin safiya a mota. Ya yanki katin izini. Shugaban ƙungiya ya ja masa kunne a kan abu biyu. Na farko, kifin truite ake kamawa, kifin saumon kuwa doka ta hana taɓa shi don ya kusa ƙarewa. Na biyu, hanyar sauka kogi guda ce, kuma ta cikin makiyayar wani tsohon manomi ta bi. Tsohon ya taɓa rufe ta da kwaɗo saboda an bar ƙyaure a buɗe shanunsa sun fita, da ƙyar aka shawo kansa. Shugaban ya ce laifi ɗaya ya rage a rufe ta har abada.

Nouhou kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar, kuma ya san idan aka rufe hanya saboda shi, ba sunansa kawai za a ambata ba. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda mutane ke ratsa gonar mutum ba ko gaisuwa. A ransa, mai bakin ruwa shi ne sarkin ruwa.

Wata Lahadi da hantsi ƙugiyarsa ta riƙe kifi mai tsawon hannu, jikinsa duhu-duhu da ɗigo. Ya ɗauka babbar truite ce. Shi ne kamunsa na farko a wannan ruwa, don haka ya jiƙa buhu ya sa shi ciki, yadda ake yi wa tarwaɗa ta yini da ranta, ya haura gidan tsohon, ya tsaya nesa da ƙofa yana tafa hannu.

Tsohon ya fito, ya leƙa buhu, fuskarsa ta canza. Ya ce saumon ne, mace ce, daga teku ta taso don ta zuba ƙwai. Nouhou ya fara bayanin al'adar garinsu da Faransancin da ya watse masa a baki. Tsohon ya katse shi.

"Ɗauko ta. In ta mutu, kai da abokanka kun gama da gonata."

Suka gangara, Nouhou na gudu, tsohon na ɗingishi a baya. Ya shiga ruwa har gwiwa ya tallafi kifin, kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, kamar yadda tsohon ya nuna masa. Sanyi ya kashe masa yatsu. Bakin kifin ya buɗe, ya rufe, ya daɗe bai sake ba. Can ya karkata gefe, ya miƙe, ya sulale cikin zurfi. Babu wanda zai iya rantsewa iyo ya yi ko ruwa ne ya tafi da shi. Tsohon ya juya gida.

Makon nan Nouhou bai ci abincin kirki ba. Waya na ƙara sai ya zaci shugaban ƙungiya ne ko jandarmomi. Alhaji Illiassou ya tarar da shi ya tsura wa kwalin saumon na kanti ido, ya tambaye shi ko gaisawa suke. Zouera ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda ya kai ƙarar kansa cikin buhu ba, amma da ta ga bai yi dariya ba sai ta bar zancen.

Da Lahadi ta zagayo ya koma. Tun daga mota ya hango sabon kwaɗo a ƙyauren. Ya daɗe zaune hannu a sitiyari kafin ya taka zuwa gidan ya tafa hannu.

Tsohon ya ce ya bi bakin kogi kullum da safe, bai ga gawar kifin ba. Ya ce a duk shekarun da masu fatsa ke ratsa masa ciyawa, babu wanda ya taɓa zuwa ƙofarsa sai wannan da ya kawo masa abin da zai iya ɗaure su duka biyun. Ya miƙa masa makulli.

"Daga yau mai son kogi ya zo nan ya ce bonjour, ya karɓi makulli. Kuma kada ka sake kawo mini komai."

'Yan ƙungiya sun yi ta gunaguni a kan sabuwar dokar, don gidan kan tudu yake. Nouhou na hawa tudun har yanzu, hannu wofi. Duk kifin da ya wuce tsawon tafin hannu biyu, sai ya duba shi da kyau tun yana cikin ruwa.