Kwalaben Sabo da na zubar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sabo, malamin kimiyya a wata sakandare a Gumel, kuma akwai laifin da na yi masa da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Sabo mutum ne mai naci. Yisti, wannan da masu gidan burodi ke sa wa kwaɓi ya tashi, shi ya ɗauke masa hankali. Yakan sayo shi a kasuwar Maigatari, ya jiƙa da ruwan sukari a kwalabe, ya jera a ɗakinsa. Ya taɓa nuna mini a madubin ƙara girma na makarantarsu. Ya ce kowace ƙwaya rai gare ta, da fata, kuma ba kullum fatar ke barin abu ya ratsa ta daidai ba. In ƙwayar ta fara fitar da ɗan tsiro za ta rabu biyu, a nan fatar ta fi saki, daga baya ta sake tsukewa. Wannan yake aunawa yana rubutawa a littattafai, da burin komawa jami'a. Ni kuwa tsokanarsa nake yi, wai duk karatun nan a kan abin yin fanke zai ƙare.

To ruwan yakan yi tsami, ɗakin ya ɗau wari. Unguwa ta fara ƙus-ƙus, wai Malam giya yake haɗawa. Ran da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Gagarawa, tun kafin masu gaisuwa su cika gidan na shiga na tuttular da kwalaben a masai, littattafan kuma na cusa su a murhu. A ganina sunansa nake karewa.

Bayan sadakar uku abokin aikinsa Malam Bulus ya ja ni gefe. "Yaya, ina littattafan? Aikin shekara huɗu ne, saura kaɗan, zan kai wa malaminsa na jami'a."

Na ce ban gan su ba.

Yau gidajen burodi sun kai har Sule Tankarkar, yisti a kowane kanti. Da Sabo na nan na san dariya zai yi. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni, don ba tsoron bakin mutane kaɗai ya sa ni ba. Ni ma na ɗan yarda da su, kuma wannan ke cina.

Ɗalibansa har gobe suna tare ni a hanya su yi masa addu'a, babu mai tuna zancen giya. Allah ya jiƙan Sabo. Malam Bulus, in wannan ya iso gare ka, na gan su. Ni na ƙone su.