Kalmar da Inna Ta Faɗa Wa Bango

Ranar kasuwar Goronyo ina tsaye a layin masu albasa, wani matashi na kallon fim ɗin Turkiyya a wayarsa. Sai na ji wata mata a ciki ta ce "olum". Wallahi cinikin da ban ƙarasa ba ke nan. Na yi gaba, na dawo, na rasa inda zan sa kaina.

Bari in gaya maka dalili. Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ko kallon kirki ba ta yi masa a gaban mutane. Kunya ce, kowa ya sani. A ɗakin kakata na tashi. In tuwo ya nuna, Inna, wato mahaifiyata, ƙanena take aika: "Ce ma wancan shi taho." Wancan ɗin ni ne. Ban taɓa jin haushi ba, don ban san akwai wata hanya ba.

Muna aji biyar aka kawo mana wani malami ɗan bautar ƙasa, ɗan Wurno, wanda ya yi karatu a Turkiyya. Lissafi aka ba shi, amma in an tashi sai ya tara mu ƙarƙashin dogon yaro ya koya mana hira da Turkanci. Ba allo, ba littafi. Yakan ce harshe a baki yake zama. Ya haɗa mu bibbiyu, wannan ya gaisa, wancan ya amsa, mu yi ta karya harshe muna dariya. Lokacin cirar albasa ne, hannun kowa na warinta, ƙudaje na bin mu, amma ba mai son tafiya gida.

Wata Alhamis ya ba mu aikin gida. Kowa ya koya wa uwarsa kalma ɗaya. Yaro zai ce "anne", wato inna, ita kuma ta amsa "olum", wato ɗana. 'Yan mata ya ba su tasu. Na kama hanyar gida. Na raya a raina cewa kunyar ai ta Hausa ce, wa ya ce ta san Turkanci? Ba sunana ma nake nema ba. Inna dai ta ce ɗana, sau ɗaya.

Na iske ta a tsakar gida tana tsince albasar da ta fara ruɓewa. Na kewaya rumbu, na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa, na sake kewayawa. Daga ƙarshe na tsuguna na yi bayani. Ta juya mini baya ta ci gaba da aikinta. Kakata ta leƙo daga ɗaki.

"Mi ka damun wanga yaro? Kai da kake ɗan hwari, uwakka za ka sa magana? Tashi nan, marar ta ido."

Sai na yi wautar da har yau nake cizon yatsa. Na koya wa ƙanena, da ƙarfi, don ta ji. Ta kuwa ji. Kwana uku gidan ba abin da ake yi sai "anne" da "olum" tsakaninta da shi, tana dariya har da riƙe ciki. Ni na kawo kalmar, wani ke cin daɗinta. Na yi kishi, na yi kuka a bayan rumbu.

Ranar Litinin malam ya tambaye ni, na ce ta faɗa. Ya dube ni jim, ya dafa kaina. "Ni ma ɗan fari ne," in ji shi, ya wuce kan na kusa da ni. Shekara na cika ya tafi, Turkancin ya bi shi.

Ranar da zan tafi makarantar kwana, mai babur na jira a ƙofar gida, na shiga sallama. Inna na ɗaure mini ƙuli-ƙuli a leda, fuskarta na kallon bango. Ta miƙo ledar ta baya, ta ce a hankali, "Olum." Ba kowa a ɗakin sai ni. Na san amsar sarai. Amma ni da na yi ta nema, ni kunya ta kama. Na karɓi ledar na fita da gudu.

Yanzu matan ƙannena suna kiran 'ya'yansu na fari gatsal, har su ɗora hotonsu a waya. Ban ce sun yi laifi ba. Turkancin nan kuwa duk ya zube mini, saura kalma biyu.

A nan cikin kasuwa na kira ƙanena a waya, na ce ya ba Inna. Na toshe kunne ɗaya saboda hayaniya, na ce, "Anne."

Can na ji ta ce da shi, muryarta ba daidai ba, "Amshi wayakka. Tambayi wancan ko ya ci abinci."