Ƙafar Taubashina

Karatun bokona a aji uku ya tsaya, amma akwai ranar da na yi aikin likita a Ɗambatta, kuma har yau ba a ba ni farar riga ba.

Taubashina ne, ɗan kawuna, fartanya ta sare shi a ƙafa lokacin noman gero. Aka girbe gero, aka tuge gyaɗa, miki bai warke ba, har ya fara wari. 'Ya'yansa suka kwashe shi sai asibiti, ni ma na maƙale a motar.

Ma'aikaciyar jinyar yarinya ce mai haƙuri. Ta duba ƙafar ta ce, "Baba, an taɓa gaya maka kana da wani ciwo? Kana shan wani magani?"

Ya dubi 'ya'yansa tsaye a kansa, ya ce, "Lafiyata ƙalau."

Na san wannan ƙalau ɗin, da shi yake musun cinye mini ƙosai tun muna yara. Yarinyar ma ta gane. Ta aiki 'ya'yan neman ruwa, ta ja labule, ta ce abin da aka faɗa nan, nan zai tsaya. Ta juyo za ta kore ni, ya ce, "Bar shi, wannan ba a sa shi cikin mutane."

Sai na gyara hula. Na ce, "'Yata, rabu da shi. Ciwon manya ba ya kama irinsu. Ni nan hawan jini gare ni, ga basir, ga sanyin ƙashi. Shi ko mura sai ya roƙa."

Ya zaburo. "Tafi can! Ni da aka auna a Bici aka ce suga gare ni, tun ba ka san hanyar asibiti ba!"

Allahu akbar! Saura kaɗan in yi guɗa, da gemuna da komai.

Daga nan muryarsa ta yi ƙasa. Ashe ya daɗe da ajiye ƙwayoyin maganin da aka ba shi, ya koma jiƙon ɗaci a ɓoye. Tsoronsa kada yara su ji, su karɓe fartanyar, su zaunar da shi gindin darbejiya kamar tsohon turmi.

Yarinyar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Baba, yau ka taimaki ƙafarka." Sai da ya yarda sannan ta kira babban ɗansa.

Ƙafa dai tana nan, bana da ita ya bi shanun huɗa. Ni kuwa kullum da hantsi nakan je duba majinyacina, in zauna gabansa in sha furata da suga.