Binciken da Malam Wake Ya Yi Kafin Zaɓen Unguwa

Ƙanina ya yi shekara da shekaru yana koya wa ɗaliban kimiyyar siyasa ƙididdiga. Tun muna makarantar mishan haka halinsa yake: in ka ce masa “kowa ya sani,” sai ya tambaye ka bakin mutum nawa ka ji. A ajinsa akwai buhun wake, fari da ja a gauraye. Ɗalibi zai rufe ido ya ɗebo cikin hannu, ya ƙirga, ya kintaci abin da ke buhun duka. Wanda ya leƙa kafin ya ɗiba, waje. Daga nan suka laƙaba masa Malam Wake.

Da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi. Yana so a sake neman sa kamar dā, sai ya sa rai da shugabancin ƙungiyar unguwarmu. Abokin takararsa mai gyaran famfo ne. Ƙanina ya ce ba zai shiga da ka ba, sai ya yi bincike. Ya rubuta lambobin gidaje a ’yan takardu, ya zuba a hula, ya sa na rufe ido na riƙa zarowa. Komai bisa ƙa’ida. Sai dai shi da kansa ya bi gidajen, da tabarau da biro a aljihu, yana tambaya ko za a zaɓe shi. Wa zai kalli dattijo a ƙofar gidansa ya ce a’a? Ya dawo yana cewa tara cikin goma nasa ne.

Ranar zaɓe mai famfo ya kayar da shi warwas. Ya zauna a falo ko takalmi bai cire ba, yana ta maimaita cewa lissafin daidai ne. Da matarsa ta kawo ruwa, ya ce ƙuri’ar gidan nan dai ba ya shakkarta.

“Malam, ni ma e na ce maka,” in ji ta. “Amma tun yaushe famfonmu ke zuba? Kai za ka gyara?”

Sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ya juyo gare ni. “Yaya, da ɗalibina ne ya yi wannan aiki, sifiri zan ba shi.”

Washegari shi ya fara zuwa taya abokin takararsa murna. Mai famfo ya roƙe shi ya binciko abin da unguwa ta fi buƙata. Ya karɓa hannu biyu, da sharaɗin wani ne zai riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin.